Ranar da foldar Malumfashi ta ɓace: nazari kan aikin layin umarni a wani ƙaramin ofis a Katsina

Kamfanin ƙarami ne, ɗaki biyu a saman bene a wajajen Ƙofar Ƙaura. Sana'arsu riƙe wa makarantun kuɗi sakamakon jarrabawa: malamai su shigar da maki ta waya ko ta kwamfuta, manhaja ta tattara ta fitar da katin kowane ɗalibi, iyaye kuma su duba daga gida. Makarantun da suke hulɗa da su ba a cikin birni kaɗai suke ba, akwai na Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-Ma, Ƙanƙara, Daura da Mai'adua. Kowane gari da foldarsa a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, kowace folda da sunan garinta.

Sabar ba a ofis take ba. Haya suke yi a wata cibiyar ajiyar bayanai a Jamus, kuma tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Ubuntu 22.04 ke kanta. Babu hoto, babu linzami, sai baƙin allo da rubutu. Daga Katsina ake shiga ta SSH, hanyar ba kwamfutar nesa umarni ta intanet, da manhajar PuTTY a kan kwamfutocin Windows. Mutum uku ke taɓa ta: mai kamfanin, wanda kowa ke kira Oga, wani saurayi da ya koyi aikin a hannunsa, shi ne ke yawancin hidimar yau da kullum, sai wata ɗalibar kwalejin fasaha da ta zo zaman sanin makamar aiki.

A makon rufe zango, lokacin da aiki ya fi yi musu yawa, foldar Malumfashi gaba ɗaya ta ɓace da rana tsaka. Allah ya taimaka suna da kwafin ajiya da ake ɗauka kowane dare, don haka abin da ya salwanta aikin safiyar ranar ne kawai. Amma sai da aka bi makarantu ana ba su haƙuri su sake shigar da maki, kuma duk wanda ya san malamin aji a makon rufe makaranta ya san irin amsar da aka samu. Oga ya kira ni da tambaya biyu a bakinsa: shin yaron ne ya yi sakaci a yanke masa albashi, ko kuwa sabis ɗin intanet ne a canja kamfani?

Abin da tarihin umarni ya nuna

Manhajar da ke karɓar abin da mutum ya rubuta a baƙin allon nan, wadda ake kira shel, a asusun saurayin Bash ce. Bash tana ajiye umarnin da aka ba ta a wani fayil mai suna `.bash_history`, kuma a Ubuntu tsarin farko shi ne a riƙe layi 1000 a zaman da ake ciki, 2000 a cikin fayil. Can muka fara dubawa. Layuka biyu ne suka ba da labarin duka, ɗaya bayan ɗaya:

`rm -r /srv/sakamako/malumfashi/gwaji`

`rm -r /srv/sakamako/malumfashi/`

`rm -r` umarni ne na goge folda da duk abin da ke cikinta. Na farko daidai ne, foldar gwaji ce da aka gama amfani da ita. Na biyu shi ne ya share garin baki ɗaya. Bambancinsu haruffa biyar.

Da na zauna da shi ya ce, "Wallahi Malam, ban rubuta wannan ba. Kibiyar sama na danna don in dawo da na farkon, in goge gwaji in sa tsoho. Na danna Backspace sau biyar, allo bai motsa ba. Sai na ɗauka sabis ya tahi, na buga Enter in ga ko yana da rai."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne tushen lamarin. A SSH, harafin da ka danna ba ya bayyana a allonka nan take. Sai ya bi eriya, ya gangara kudu, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, saba ta karɓa ta yi aiki da shi, sannan ta aiko maka da hoton abin da ya faru. Abin da kake gani a allo tsohon labari ne. In sabis na da kyau, tsufan bai kai ƙiftawar ido ba. In ya cushe, sai ya kai daƙiƙoƙi. Kuma abin da ka danna a lokacin cushewar ba ya zubewa a hanya, jeruwa yake yi, da hanya ta buɗe sai ya isa a jere yadda ka danna shi. Backspace biyar suka isa, Enter ta biyo bayansu, Bash ta aiwatar da abin da ta tarar a kan layi.

Don haka amsar tambayar Oga ita ce duka biyun ba su ne ba. Sabis ya cushe, amma sabis zai ci gaba da cushewa ko wane kamfani aka koma. Yaron kuma bai yi abin da Oga da kansa ba ya yi; na ga Ogan yana buga Enter sau uku a jere duk lokacin da allo ya tsaya. Matsalar tana cikin yadda dukkansu suke tafiyar da yatsunsu a kan layin umarni. Na roƙi a ba ni dama in zauna in kalli yadda kowannensu ke aiki kafin a yanke wa kowa hukunci.

Abin da na gani a yatsunsu

Saurayin maɓalli uku kawai ya sani wajen gyara layi: kibiyar hagu, kibiyar dama, da Backspace. Ga irin umarnin da yake bugawa sau da yawa a rana, mai kwafar fayiloli zuwa ajiya:

`rsync -av /srv/sakamako/dutsin-ma/zango2/ /mnt/ajiya/dutsin-ma/zango2/`

Haruffa 70 ne in an haɗa da tazara. In ya mance bai sa `sudo`, kalmar da ke ba umarni ikon mai kula da saba, a farko ba, sai ya danne kibiyar hagu ya zuba wa allo ido har manuni ya isa. Kibod in an danne maɓalli yana maimaita shi wajen sau talatin a daƙiƙa. To a ce allo ya makara da rabin daƙiƙa: lokacin da ido ya ga manuni ya iso inda ake so har yatsa ya saki, wasu goma sha biyar sun riga sun tafi. Da kibiya, asarar lokaci ce kawai, a dawo a sake. Da Backspace kuwa, an cinye abin da ba a yi niyya ba. Kamar direban tirela ne da ke ribas, yaron mota na cewa "zo, zo, zo, tsaya," shi kuma sai bayan an faɗa da jimawa yake ji.

Amfanin maɓallan yanke, wato haɗin maɓallai irin Ctrl da wani harafi, a irin wannan yanayi ya wuce saurin aiki. Ctrl+A umarni ɗaya ne mai cewa "je farkon layi." Ko allo ya makara da daƙiƙa goma, can manuni zai tsaya, ba ya zarcewa. Ctrl+E haka, ƙarshen layi. Mutum ba ya buƙatar ganin allo kafin ya san inda yake. A ganina wannan ne dalilin da ya sa ma'aikaci a Katsina ya fi takwaransa na Jamus buƙatar waɗannan maɓallai, ko da yake galibi a matsayin ƙwalisar gwanaye ake koyar da su.

Wani zai ce ai akwai Home da End. Akwai, amma kwamfutocin ofishin na hannu ne, 'yan gwanjo, kuma a biyu daga cikinsu Home da End suna ɓoye ƙarƙashin Fn, kowace da inda ta ajiye nata. Ctrl da A kuwa wuri ɗaya suke a dukkansu.

Lamarin ɗalibar ya fi ba ni mamaki. Na tarar da ita da Notepad a buɗe gefe guda, tana rubuta umarni a can, ta kwafa, ta zo ta danna linzamin dama a PuTTY ta manna. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Malam, tawa ba ta gyaruwa. In na danna kibiya wasu alamomi take fitarwa."

Ta danna kibiyar sama, sai ga `^[[A` a allo. Ta danna ta hagu, `^[[D`. Tun zuwanta haka take fama, kuma ta ɗauka kwamfutar da aka ba ta ce mai matsala, kunya ta hana ta faɗa.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Oga ya buɗe mata asusu da umarnin `useradd`, wanda a Ubuntu in ba a faɗa masa shel ba yake ba mutum `/bin/sh`. Tun fitowar Ubuntu 6.10 a 2006, `/bin/sh` ɗin nan Dash ce, wata ƙaramar shel da aka zaɓa saboda saurinta wajen gudanar da rubutattun umarni. Ba a yi ta don hira da mutum ba: ba ta dawo da umarnin baya, ba ta cika suna da Tab, ba ta san kibiya ba. Kibiya dama ba harafi ɗaya take aikawa ba, jerin uku ne, Esc da `[` da wani harafi, kuma in babu mai fassara su sai su zube a allo yadda suke. Da `adduser` ya yi amfani, da Bash ta samu tun farko. Gyaran layi ɗaya ne, `chsh -s /bin/bash` da sunan asusunta, ta fita ta sake shiga.

Dabarar Notepad ɗin nan ta fi komai haɗari a ofishin, ko da yake ba ta kai ga ɓarna ba. In aka kwafo layi har da ƙarshensa, mannawa a Dash daidai yake da bugawa da danna Enter. Umarni ya tafi kafin a karanta shi. Bash 5.1, wadda ta fito a ƙarshen 2020 kuma ita ce a kan sabarsu, tana gane cewa manno rubutu aka yi, sai ta ajiye shi a kan layi ta jira mutum ya danna Enter da hannunsa. Komawarta Bash ya toshe wannan ƙofa ba tare da an ƙara komai ba.

Sai kuma abin da suke kira "saba ta daskare." Ashe kashi uku ne, kuma ɗaya kaɗai ya shafi sabis. Na biyu Ctrl+S ne. Hannun da ya saba da Word yana danna shi ba tare da sanin mai shi ba, a baƙin allo irin wannan kuwa ma'anarsa "dakatar da fitar da rubutu." Gado ne daga zamanin injinan teletayif masu buga takarda, waɗanda in rubutu ya yi musu yawa suke aika wa kwamfuta alamar ta saurara. Ctrl+Q ke sakinsa. Su kuwa rufe PuTTY suke yi su sake shiga, wani lokaci har da aikin da ke gudana ya mutu a tsakiya. Na uku sunan Mai'adua ne. Wanda ya buga `cd mai'adua` zai ga allo ya sauko da alamar `>` ya yi shiru, domin a wurin shel hamzar nan buɗe zance ce, kuma tana jiran a rufe. Duk Enter da aka buga wani `>` ɗin take ƙarawa. Ctrl+C ke fitar da mutum. Maganinta kuma a buga `mai` a danna Tab, Bash da kanta za ta cika `mai\'adua/` da alamar da ke kashe wa hamzar ƙarfi.

Abin da aka koyar, da wanda aka bari

Gyaran layi a Bash aikin wani ɓangare ne mai suna Readline. Brian Fox ne ya fara rubuta Bash ɗin don shirin GNU, ta fito a 1989, kuma Chet Ramey ke kula da ita da Readline shekaru da dama yanzu. Maɓallan an aro su daga Emacs, manhajar rubutu da ta samo asali a jami'ar MIT ta Amurka a 1976, shi ya sa ba su yi kama da na Windows ba. Suna da yawa ƙwarai. Umarnin `bind -P` zai jero wa mutum su har ya gaji da karatu. Ban ga amfanin liƙa musu doguwar takarda a bango ba. Na ɗauki abin da ya dace da kurakuran da na gani da idona.

Na fara da maye gurbin Enter. In allo ya tsaya ana son a san ko akwai sabis, Ctrl+L za a danna. Yana share allo ya sake zana layin da ake kai, ba ya aiwatar da komai. In an danna shi sau goma a cikin cushewa, sau goma za a share allo, shi ke nan. In bai amsa ba, a gwada Ctrl+Q, ko hannu ya taɓa Ctrl+S.

Daga nan sai Ctrl+A da Ctrl+E, sannan tafiya kalma-kalma da Alt+B zuwa baya da Alt+F zuwa gaba. A umarnin `rsync` na sama, daga ƙarshen layi Alt+B uku ke kai manuni farkon `dutsin`: ɗaya ya tsallake `zango2`, ɗaya `ma`, ɗaya `dutsin`. Alt+D biyu su cinye sunan garin, a rubuta wani. Inda Alt ya ƙi aiki, a danna Esc a saki, sannan B ko F, abu ɗaya ne a wurin Readline.

Wurin da na fi daɗewa da su shi ne bambancin Ctrl+W da Alt+Backspace, domin nan ne yanke ke iya zama tarko. Dukkansu kalmar da ke bayan manuni suke gogewa, amma ba su yarda da juna kan mece ce kalma ba. Ctrl+W ba ya tsayawa sai ya tarar da tazara. Alt+Backspace kuwa yana tsayawa a duk abin da ba harafi ko lamba ba: `/`, karan ɗorin Dutsin-Ma, hamzar Mai'adua, ɗigo. A koma kan layin da ya jawo ɓarnar. Da saurayin Alt+Backspace ya danna, `gwaji` kaɗai zai tafi, layi ya koma `rm -r /srv/sakamako/malumfashi/`, wato daidai ramin da ya faɗa, sai dai ya isa da dannawa ɗaya maimakon biyar. Da Ctrl+W ya danna, hanyar duka za ta tafi a bar `rm -r` tsirara, kuma Enter a kansa ƙorafi kawai zai jawo cewa ba a faɗi abin da za a goge ba. Saboda haka ban ce musu sanin yanke zai kare su ba. Abin dubawa shi ne: a tsakiyar gyara, in Enter ta kuɓuce, me ke kan layi?

Daga wannan tambaya aka fitar da dokar ofis guda ɗaya. Duk umarnin da ke gogewa ko matsarwa ko rubutawa a kan wani abu, in an dawo da shi daga tarihi, kafin a taɓa komai sai a danna Ctrl+A a sa `#` a gabansa. Layin da ya fara da `#` Bash ba ta aiwatar da shi. A yi gyara a natse, a jira allo ya kammala, a karanta, sannan Ctrl+A, Ctrl+D ya cire alamar, Enter. Readline na da maɓalli na musamman don wannan, Alt+#, amma ban koyar da shi ba, saboda kibod ɗin ofishin ba iri ɗaya ba ne. A mai tsarin Ingila, Shift da 3 alamar fam yake bayarwa. Na dai gargaɗe su cewa Ctrl+D a kan layin da babu komai fita yake yi daga saba gaba ɗaya.

Ctrl+U da Ctrl+K da Ctrl+Y na haɗa su a darasi ɗaya. Na farko yana kwashe daga manuni zuwa farkon layi, na biyu daga manuni zuwa ƙarshe, na uku yana dawo da abin da aka kwashe. Amfaninsu a nan: ka rubuta dogon umarni sai shakka ta kama ka kan sunan folda. Ctrl+U, ka buga `ls` ka duba, Ctrl+Y, umarninka ya dawo cif. In kuma hannu ya goge abin da ba a so, Ctrl+_ na maido da shi.

Ctrl+R shi ne wanda ya fi shiga ransu. A danna, a fara buga wani yanki na tsohon umarni, ko da daga tsakiyarsa ne, sai ya fito. A sake dannawa a samu wanda ya girme shi. Saurayin da ke danna kibiyar sama sau ashirin yana neman `rsync` ɗin jiya ya ga `fun` kawai ya ishe shi ya samo na Funtuwa. Sharaɗin da na gindaya shi ne kada a buga Enter kai tsaye daga cikin nema, domin nan take yake aiwatarwa, kuma da makararren allo mai yiwuwa abin da ake gani ba shi ne abin da nema ya tsaya a kai ba. A danna Ctrl+E a sauko da shi kan layi tukuna, ko Ctrl+G a fasa.

Biyu na bari da gangan. Oga ya taɓa ganin dabarar `^tsoho^sabo`, wadda ke maimaita umarnin baya da canjin kalma, yana kuma alfahari da ita. Na nuna masa a kan `rsync` ɗinsu: `^dutsin-ma^funtuwa` wurin farko kaɗai yake canjawa, na biyu ya bar shi. Sakamakon shi ne a kwashi fayilolin Funtuwa a zuba cikin ajiyar Dutsin-Ma, kuma babu ƙorafin da zai fito a allo. Mai canja duka shi ne `!!:gs/dutsin-ma/funtuwa/`, wanda ba na tsammanin kowa zai tuna da shi a makon rufe zango. Aka sa `shopt -s histverify` a `.bashrc` na kowa, fayil ɗin da Bash ke karanta tsarinta daga ciki, yadda duk irin wannan dabara, har da `sudo !!`, za ta fara baje cikakken layin a gani kafin a aiwatar. Ɗayan kuma Ctrl+X Ctrl+E ne, mai buɗe layin a cikin manhajar rubutu kamar nano. Yana da daɗi ga dogon umarni, sai dai da an fita daga manhajar yake aiwatar da abin da ke cikin fayil ɗin, ko an yi niyyar fasawa. Ga mutanen da matsalarsu ita ce umarni na tafiya ba da niyya ba, ban ga dacewarsa ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. `stty -ixon` a `.bashrc` ya kashe daskarewar Ctrl+S. An sa `HISTTIMEFORMAT` don tarihi ya riƙa nuna lokacin kowane umarni. Dogayen ayyuka an mayar da su cikin tmux, manhajar da ke riƙe zaman aiki a kan saba ko mutum ya fita, don kada yankewar sabis ta kashe su. Na zaɓe shi a kan takwaransa screen saboda screen na ƙwace Ctrl+A ya mayar da shi nasa, tmux kuwa Ctrl+B yake ɗauka, wanda ba su damu da shi ba tunda kibiyar hagu na yin aikinsa. An kuma duba `locale` aka tabbatar tsarin haruffa na UTF-8, mai gane haruffa masu ƙugiya, shi ne a dukkan asusun, saboda foldar Ƙanƙara: harafin ƙ bayit biyu ne, kuma in tsarin bai san haka ba sunan kan fito da lambobi irin `\306\231` ko alamun tambaya.

Yadda ta kaya

Da zangon gaba ya zo ƙarshe na koma na duba tarihin umarni na kowa, domin ya fi tambayar baki faɗin gaskiya. Na saurayin cike yake da layuka masu `#` a gaba, wasu a yanke a tsakiya, alamar Enter ta kuɓuce masa a kansu fiye da sau ɗaya ba tare da komai ya faru ba. Da na zauna kusa da shi na ga Ctrl+A, Ctrl+W da Ctrl+R sun zauna a hannunsa. Ctrl+Y bai kama shi ba sam. In ya kwashe layi sake bugawa yake yi. Alt+B ma yakan mance ya koma wa kibiya in hankalinsa ya rabu, amma ya daina danne Backspace.

Ɗalibar ta wuce inda na tsaya. Ita ta gano Alt+. da kanta, mai ɗauko kalmar ƙarshe ta umarnin da ya gabata, har tana nuna wa saurayin: "Yaya, in ka yi `ls` ka ga foldar, kada ka sake rubuta hanyar, danna wannan." Wannan ya fi dokar da na kafa kyau ta wani gefen, domin hanyar da aka duba da ido ita ce ake miƙa wa umarni na gaba, ba wadda aka sake bugawa ba. Ta kuma lura cewa maɓallan suna aiki a cikin `psql` da suke shiga rumbun bayanai da shi, tunda shi ma Readline yake amfani da ita. Da ta sa Termux, manhajar layin umarni ta waya, a wayarta, inda maɓallin rage sauti ke zama Ctrl, sai ta zama ita ake kira in matsala ta taso bayan an tashi. Ƙorafinta ɗaya: ranar da ta shiga saba ta tagar burauza, ta danna Ctrl+W, shafin duka ya rufe. Wannan ba shi da magani a wajen Bash, burauza ce ke tare maɓallin tun kafin ya isa.

Oga bai canja ba, sai Ctrl+L da ya ɗauka. Ba a yanke albashin kowa ba, ba a kuma canja kamfanin intanet ba.

Mun saɓa da shi a kan abu ɗaya. Shi yana so a sa `HISTIGNORE` ta hana duk umarnin `rm` shiga tarihi, yadda kibiyar sama ba za ta taɓa dawo da shi ba. Hujjarsa tana da ƙarfi: da haka tsarin yake, da abin da ya faru bai faru ba. Ni kuma na ce tarihin nan shi ne ya wanke yaron, kuma ranar da wani abu ya sake ɓacewa, shi za a fara nema a rasa. Aka tsaya a tsakiya: asusun ma'aikatan biyu an cire musu ikon gogewa a manyan foldojin garuruwa, abin da suka gama da shi a cikin foldojin aikinsu kuma matsar da shi suke yi zuwa wata folda mai suna `shara`, Oga ya share ta da kansa ranar Asabar.

Na kawo shawarar Mosh, wadda aka fitar a 2012 musamman don layi mai yankewa. Tana nuna harafi nan take tun kafin saba ta amsa, kuma zaman ba ya mutuwa in sabis ya ɗauke ya dawo. Ba a ɗauka ba, saboda PuTTY ba ta yin ta, kuma sai an buɗe wasu ƙofofin UDP a saba, abin da Oga bai so taɓawa ana tsakiyar zango ba. Sunan foldar `mai'adua` ma yana nan da hamzarsa, domin manhajar sakamakon da sunan take nemo ta a wurare da dama. An ajiye duka biyun sai dogon hutu.